Abin da Ya Sa Nake Kife Kujera

Bayan girbin bara dattawan ikkilisiyarmu suka zauna suka yanke shawara a sayo kujerun roba 200. Bencunan katakon da muka gāda gara ta cinye rabinsu, zumuntar mata kuma ta gaji da zuwa aron kujeru makarantar gwamnati duk ranar da za a ɗaura aure. Aka haɗa kuɗin baikon amfanin gona, aka ce ni da ma'aji mu tafi Kano. Da muka shiga wurin 'yan roba a kasuwar Sabon Gari, wani mai shago ya sauko mana da kujera fara fat, ya kakkaɓe ta, ya ce in zauna in ji daɗinta. Ban zauna ba. Na kife ta, ƙafafu sama, na tsuguna ina laluben cikinta da yatsa, na kankare gefen ƙafa ɗaya da farce, na tanƙwara hannunta kaɗan ina duban launin wurin da ya tanƙwaru. Mutane suka fara tsayawa kallo. Ma'aji dattijo ne mai kunya, sai ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Malam Katikis, kujera fa muka zo saye, ba akuya ba."

Na ce, "Baba, yi mini haƙuri, in mun koma gida zan gaya maka dalili." Mun koma gida, watanni sun wuce, ban gaya masa ba, gama akwai wani yanki na labarin da bakina yake nauyin faɗa. Ko uwar 'ya'yana rabinsa ta sani. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Shekara tara na yi a ƙasar Sudan, daga 2002 zuwa 2011. Kawuna ne ya ja ni, wan mahaifiyata. Tun ba a haife ni ba ya musulunta, ya kama hanyar gabas da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, ya hayayyafa, shi ke nan. Ba shi ne farau ba. Hanyar nan tsohuwa ce, mutanenmu sun daɗe suna binta a ƙasa da jakuna har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a mai yawa, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu wanda aka sa wa sunansa. Waɗansu kuma gonakin auduga na Jazira suka riƙe su. Mutanen ƙasar suna haɗa mu duka, da Bahaushe da Bafillace da Babarbare, su ce Fallata.

Ina da shekara 22, damina biyu a jere gonarmu ba ta yi abin kirki ba, sai na bi wani fatake. Maiduguri, Njamaina, Abashe, Adare, Janaina, duk a bayan manyan motoci bisa buhuna. Shekara guda bayan wucewata yaƙin Darfur ya tashi, hanyar ta zama ta mutuwa. Muka sauka a Suk Libiya, babbar kasuwar da take yammacin Umdurman. Babban birnin Sudan garuruwa uku ne, zaune kamar duwatsun murhu kewaye da mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu: Hartum ta gwamnati da ofisoshi, Bahri ta masana'antu, Umdurman ta kasuwa da kabarin Mahadi, ita ma da unguwar masana'antunta.

Kawu agashe yake sayarwa, wato ɗan'uwan tsirenmu ne da ƙuli da yaji, Hausawa suka kai shi can, mutanen ƙasar suka karɓe shi hannu bibbiyu. Lahadina ta farko shi da kansa ya raka ni har ƙofar wata majami'ar rumfa a bayan gari, inda 'yan gudun hijira daga kudu da duwatsun Nuba suke sujada, ya ce, "Ga mutanenka nan, ɗana. In kun tashi ka san hanyar gida." Cikin masu cin agashensa kuwa akwai wani usta, haka suke kiran gwanin sana'a, mai kula da injuna a wani kamfanin roba. Shi ya samo mini aikin shara da ɗaukar buhu. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Bayan shekara guda, ran nan usta ya same ni ina karanta rubutun jikin inji da ƙarfi don in kashe lokaci. Leburorin wurin Larabci suka iya, injunan kuwa da baƙaƙen boko aka rubuta su. Aji shida ɗin da na yi a makarantar mishan shi ya ɗauke ni daga tsintsiya ya tsai da ni gaban inji.

Bari in kwatanta injin domin wanda bai taɓa ganinsa ba. Tsawonsa ya kai na babbar mota. In ka haɗa injin markaɗe da allurar asibiti da mazubin masu zubin tukwanen alminiyam, to ka same shi. Robar takan zo cikin buhu mai kilo 25, ƙwaya-ƙwaya, fari-fari kamar ɗanyar shinkafa. A zuba ta cikin mazurari a bisa tare da ɗan abin rini, ta gangara cikin wani dogon bututun ƙarfe da aka ɗaure da zobban wuta. A cikin bututun akwai ƙarfe mai murɗe irin na cikin injin markaɗe, yana juyawa yana tura ƙwayoyin gaba. Zafin zobban da gugar juyawar su suke narkar da ita a wajen digiri 220, har ta zama kamar talge mai kauri. Sa'ad da narkakkiyar ta taru a gaba gwargwadon kujera ɗaya, sai ƙarfen ya daina juyawa, ya zabura gaba kamar yadda malamin asibiti yake danna allura, ya ɗura ta cikin mazubi ta wata 'yar ƙofa.

Mazubin, galib suke ce masa da Larabcinsu, shi ne ran aikin. Sassaƙaƙƙen ƙarfe ne, ɓari biyu kamar ƙwarya da murfinta, an bar sarari tsakaninsu daidai siffar kujera. Sai da ƙugiya da sarƙa ake ɗaga shi. Robar tana shiga da ƙarfin da zai iya buɗe shi, saboda haka injin yake matse ɓarin nan biyu da ƙarfin da ya kai tan 1,000. Riƙe wannan adadi, mai karatu, za mu komo kansa. Ruwan sanyi yana zagayawa ta ramuka cikin jikin ƙarfen. Roba takan tsuke in tana hucewa, don haka injin yakan ci gaba da dannawa na ɗan lokaci yana yi mata ciko, sa'an nan a jira ta daskare. Mazubi ya buɗe, waɗansu sanduna su tunkuɗo kujerar, mai aiki ya ja ƙofar kariya, ya miƙa hannu ya ciro ta da ɗuminta, ya mai da ƙofar ya rufe, injin ya sake daga fari. Duk wannan minti ɗaya ne. Ɗan tabon da yakan rage a inda robar ta shiga, ni cibiya nake ce masa. Kife bokitinka ka duba tsakiyar gindinsa, za ka gan ta.

Mazubi ba ya mantuwa. Daga Italiya ko ƙasar Sin ake sayo shi da kuɗin da zai gina gida, shi ya sa kujera ta fari take da tsadar gida, ta dubu ɗari kuwa ta zo da kuɗin kaza. Duk abin da yake jikinsa sai ya fito a jikin kowace kujera. Wani ya taɓa zungurar namu da sukundireba, ya bar masa ɗan ƙarzane kamar shasshawa a bayan majingina. Tun daga ranar, ko a gidan biki, ko a zaman makoki, ko wurin mai shayi, in na shafa bayan kujera na san ko ta hannunmu ce.

Usta ya taɓa tambayata ko na san ma'anar sunan Hartum. Ya ce hancin giwa, saboda siririyar ƙasar da take tsakanin kogunan biyu kafin su haɗu. Daga baya, cikin karance-karancena, na tarar giwa tana cikin tarihin sana'armu ma. A ƙarni na 19 Hartum babbar kasuwar hauren giwa ce, ana kwaso shi daga kudu tare da bayin da suke ɗaukarsa. A Amurka kuwa ana fafa shi ana yin ƙwallayen wasan tebur, har ya yi tsada, wani mutum mai suna John Wesley Hyatt ya shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Nemansa ya kai shi ga ɗaya daga cikin robobin farko, a 1872 kuma shi da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar injin farko mai ɗura roba cikin mazubi. Ƙarfen nan mai murɗe sai a 1946 James Watson Hendry ya shigo da shi. Irin robar da ake kujera da ita, folifirofilin, wadda za ka ga an sa mata alamar PP ko lamba 5 cikin kusurwa uku, Giulio Natta ya samo ta a Italiya a 1954. Kujera mai zubi ɗaya irin wadda muka sani kuwa, wani Bafaranshe, Henry Massonnet, ya fito da tasa a 1972.

Roba 'yar man fetur ce, na kuwa isa Sudan daidai lokacin da man ƙasar ya fara gudu. A 1999 aka fara tura shi ta bututu zuwa bakin teku a Bur Sudan. A 2000 matatar Jaili ta fara aiki a arewacin Hartum, da hannun mutanen Sin. Jaili ɗin nan shi ne garin da Zubairu Basha ya ƙare kwanakinsa, babban mai fataucin haure da bayi, ubangidan Rabe wanda ya ci Barno. A 2002 aka buɗe wurin yin folifirofilin kusa da matatar, mai iya fid da tan 15,000 a shekara. Bai ishi ƙasar ba, yawancin buhunan da na ɗauka a kafaɗata daga Saudiyya suka zo, amma kuɗi ya shigo gari, kamfanonin roba suka yi ta tsirowa a Bahri da Umdurman.

Ba kome ake ɗurawa ba. Buta da jarka hura su ake yi: a sauko da narkakkiyar roba kamar hannun riga, mazubi ya kama ta, a busa mata iska ta kumbura ta manne a jikinsa. Bututun ruwa da leda da igiya tatso su ake yi ba tsayawa, kamar taliya daga inji. Manyan tankunan ruwa kuwa garin roba ake zubawa cikin mazubi a yi ta juya shi cikin zafi har ya shafe bangon ciki.

Ni ba na cikin masu tsine wa roba. Na ga ledar da iska take rataye wa kowace ƙaya a bayan Umdurman, na ga akuyar da aka yanka aka tarar da tumbinta cike da ita, na ga masu saƙa gadon angarib sun bar igiyar kaba sun koma ta roba. Amma na ga kuma matan bayan gari, inda ba famfo, waɗanda jarka ta raba da ɗaukar tulu. Mai kukan tulu, galibi ba shi ne yake ɗaukarsa a ka ba. Randar ƙasa, zir suke ce mata, ita ce roba ta kasa kora, gama jarka ba ta iya sanyaya ruwa.

To, ga abin da nake nema sa'ad da na kife kujera. Kasuwar kujera kasuwar araha ce, mai saye ba ya tambayar kome sai kuɗi, saboda haka kowane kamfani yana neman inda zai rage. Hanya ta fari niƙa ce. Kujerun da suka fito da aibu akan niƙe su a mayar cikin mazurari, wannan ba laifi in kaɗan ne. Amma akwai yara masu yawo da buhu a juji suna tsintar fasassun bokitai da robobin wanka, a saya a kilo, a niƙe, a gauraya. Roba kuwa duk narkewar da ta yi ƙarfinta yana raguwa. Irin wannan kujera akan rina ta da launi mai duhu don a ɓoye dabbare-dabbarenta. Hanya ta biyu garin alli ne, wanda ya fi roba araha nesa. Kaɗan daga cikinsa yana sa kujera ta tsaya ƙyam. In ya yi yawa sai ta yi nauyi, fuskarta ta dushe, in ka kankare ta da farce ta yi fari, ranar da za ta karye kuwa ba ta gargaɗi, sai dai ka ji ƙas, mutum yana ƙasa. Mutanenmu sukan ɗaga kujera su ce wannan mai nauyi ce, ita ce mai kyau. Wani nauyin na dutse ne. Hanya ta uku ba ta ganuwa a shago: akwai maganin rana da ake sawa cikin roba, in an hana ta shi, rani biyu a waje sai ta fara gari kamar busasshen rogo. Waɗannan duka mai zama ne yake biyan kuɗinsu.

Akwai hanya ta huɗu, ita ce ba na son faɗa.

A watan Janairu 2005 aka sa hannu a kan sulhu tsakanin gwamnati da mutanen kudu. Kudu ta buɗe, ana neman kome da kome a Juba, 'yan kasuwa suna loda kaya a jiragen ruwa daga Kosti. A 2006 kamfaninmu ya karɓi odar kujeru wadda ta fi ƙarfinmu. Wuta kuma ba ta zama, gama a lokacin ba a gama madatsar ruwa ta Marawi ba, sai a 2009 aka buɗe ta. In wuta ta ɗauke robar takan daskare cikin bututu, in ta dawo sai a jira ya sake yin zafi, a zubar da ta ciki, awa ta tafi a banza. Muna aikin awa 12, masu rana da masu dare. A minti ɗaya kowace kujera, mutum zai fid da 720 kafin ya tashi. Manaja ya zauna da biro ya lissafa cewa in an rage sakan 10, za ta zama 864. Ƙarin kujera 144 ke nan kowane dare a inji ɗaya.

Ina za a samo sakan 10? Aka rage kaɗan daga lokacin hucewa, ƙafafun kujeru suka fara fitowa a karkace, aka mayar. Sauran wurin da ya rage shi ne ƙofar kariya. Ƙofar nan tana da ɗan makunni a gefe: muddin tana buɗe, mazubi ba zai rufe ba, ko wa ya danna me. Jan ta da mayar da ita yana cin lokaci. In aka ɗaure makunnin, injin zai ɗauka ƙofa a rufe take kullum, ya riƙa buɗewa yana rufewa da agogonsa, mai aiki kuwa ya fizge kujera a tsakani. Akwai wata sandar ƙarfe kuma da take faɗowa ta tare mazubi in ƙofa ta buɗe, ita tuni aka kwance ta don wai tana maƙalewa.

Manaja ya yi wa usta magana da rana, usta ya ce ba da hannunsa ba. Sai ya zo da dare, lokacin ni ne babba a kan injin kujera. Bai yi mini tsawa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce duk kamfanonin unguwar haka suke yi, ya ce za a ƙara mana wani abu a kan kowace kujera da ta haura 720, ya kuma tuna mini, cikin dariya, cewa ni baƙo ne marar takarda. Ina tara kuɗin aure a lokacin. Na ɗauko guntun waya a ƙasa, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, na ɗaure makunnin. Ban yi minti biyu ba.

Mako uku muna haka, ba abin da ya faru, kuɗin kuwa ya shigo. Mataimakina wani yaro ne daga duwatsun Nuba, bai wuce shekara 17 ba, majami'armu ɗaya, uwarsa tana sayar da shayi a bakin titi. Aikinsa ya yanke bazar robar da take fitowa a gefen kujera, ya jera su goma-goma. In zan fita shan ruwa shi yake tsaya mini. Na koya masa yadda ake ƙirga bugun injin, na ce in kujera ta maƙale kada ya bi ta, ya danna jan maɓalli. A wani dare na watan Mayu, zafi ya kai inda ko da tsakar dare bango yana ƙuna, na fita wurin randa. Kujera ta maƙale ta ƙafa ɗaya. Ya san in mazubi ya rufe a kanta zai iya ɓaci, ya kuma san kuɗin mazubi. Ya miƙa hannun dama.

Ban ji ƙarar injin ta sāke ba ko kaɗan. Tan 1,000 bai san da hannu a wurin ba. Muryarsa na ji.

Muka naɗe hannun da rigata, muka sa shi a motar kaya zuwa asibiti. A wuyan hannu suka yanke. Kafin gari ya waye wani ya kwance wayar, aka wanke mazubin, masu rana suka kama aiki a kan lokaci. Aka rubuta cewa yaron ne ya yi ganganci. Aka ba uwarsa kuɗin da bai kai albashin wata shida ba, ta sa hannu da ɗan yatsa. Ba wanda ya tambaye ni kome, ni kuma ban ce kome ba. Usta kaɗai ya tare ni a bakin ƙofa da safe, ya dube ni, ya ce, "Ya zol, ni na ɗauke ka daga shara don ka iya karatu. Me aka rubuta a jikin ƙofar nan?" Na san abin da aka rubuta. Da jan fenti ne, da baƙaƙen boko, kullum ina karanta shi.

Na gaya wa kawu a daren. Ya daɗe yana juya nama a kan wuta bai tanka ba, sa'an nan ya ce, "Kuɗin nan da ka tara, na wa ne yanzu?" Na kai wa uwar yaron abin da na tara na aure, na ce taimako ne daga abokan aiki. Ta yi ta sa mini albarka, albarkar tana ƙona ni. Sai bayan shekara biyu na iya gaya wa yaron da bakina cewa ni na ɗaure wayar. Muna zaune a inuwar majami'a bayan sujada, a kan kujerun kamfaninmu, ina jin ƙarzanen nan a bayan tawa. Ya ce ai ya sani, yana tsaye a wurin sa'ad da na ɗaure ta, har shi ya riƙe mini tocila. Ya ce shi ma ya ci kuɗin ƙarin. Ban sami abin da zan amsa masa ba. Shi yaro ne, ni ne babba a kan injin.

Na ƙara shekara biyar a wurin, ƙofata a rufe, ana yi mini ba'a wai Bafallacen nan ya fi kowa nawa. A ran 9 ga Yuli 2011 kudu ta ɓalle ta zama ƙasa, ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man. Dala ta yi wuya, buhun roba ya yi tsada, aka fara kashe injuna ɗaya-ɗaya. Rabin majami'armu suka hau jirgin ruwa suka koma kudu. Yaron da uwarsa sun riga sun tafi Kadugli, yaƙi kuwa ya tashi a can a watan Yuni na shekarar, tun daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. A ƙarshen shekarar na yi sallama da kawu na komo gida.

Kawu ya rasu kafin yaƙin da ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023, na kuwa gode da bai gan shi ba. 'Ya'yansa suka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka. An wawashe masana'antun Bahri da na Umdurman, waɗansu aka ƙone. Matatar Jaili ta ci wuta a watan Janairu 2025, hayaƙinta ya rufe sama. Bayan da sojojin gwamnati suka karɓe Hartum a watan Maris 2025, babban ɗan kawu ya koma duba gidansu, na roƙe shi ya bi ta unguwar masana'antu. Ya ce rufin kamfaninmu ba ya nan, an farfasa injunan an zare wayoyin tagullar cikinsu. Mazuban ne kawai suka rage a ƙasa suna tsatsa, sun fi ƙarfin ɓarawo.

A Sabon Gari ran nan, kujera huɗu na kife kafin na sami wadda ta kwanta mini: fuskarta da sheƙi, cibiyarta a shafe sumul, haƙarƙarin ƙarƙashinta cikakku ba lotsawa, na tanƙwara ta ta komo ba ta yi fari ba. Kuɗinmu 140 kawai zai saya daga irinta. Ma'aji ya ce dattawa 200 suka ce. Na ce ya bar mini dattawa. Ana ɗaure kayan na tambayi mai shagon inda ake yinta, ya ce nan Kano, wajen Sharaɗa. Na ce ko ya taɓa shiga ya ga injin, ko ƙofarsa a rufe take aiki. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya ce shi a bakin ƙofa ake loda masa.

Dattawa ba su ji daɗi ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce ƙauyen da yake gaba da mu sun sami 200 da kuɗin da bai kai namu ba, gaskiyarsa ne kuwa. Aka yi ta magana har rana ta yi sanyi, daga bisani aka shirya manya su hau kujeru, yara su ci gaba da zama a bencunan da gara ta rage har girbi mai zuwa. Ni aka ba aikin rubuta sunan ikkilisiya da fenti a bayan kowace ɗaya, na yi kwana biyu ina yi.